LABARIN SIMON, KAKAR WAYOYIN ZAMANI

Duk wanda ya ke riƙe da wayar hannu irin ta zamanin nan, wadda a ke shafa fuskarta da yatsa, ya san in ya kunna ta abin da zai fara gani 'yan hotuna ne ƙanana a jere. Ga na agogo, ga na kalanda, ga na lissafi, ga na wasiƙa, ga kuma wanda a kan taɓa in ana so a ƙara wa wayar haske ko a rage mata ƙara. Mutane sun saba da su har sun zama kamar tabarmar zaure, kowa ya zo ya zauna, ba mai tambayar wanda ya saƙa. Amma ko wane abu da mafarinsa. Galibin waɗanda suka bi tarihin wannan sana'a sun yarda cewa wayar da ta fara shiga kasuwa da irin wannan tsari ita ce wadda kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya ƙago, aka raɗa mata suna Simon, aka fara sayar da ita a cikin shekara ta 1994. Ba ta yi tsawon rai ba, wajen wata shida kurum ta yi a kasuwa aka janye ta. Ga labarinta, da abin da aka zuba a cikinta, da dalilin da ya sa ta faɗi.

Kafin Zuwanta

Wayar da mutum zai ɗauka a hannu ya yi yawo da ita ta girmi Simon da shekara ashirin da ɗaya. Ran 3 ga watan Afrilu, 1973, wani injiniya na kamfanin Motorola, sunansa Martin Cooper, ya tsaya a kan titi a birnin New York ya buga waya da irinta ta gwaji. Sai da aka shekara goma kafin gwamnati ta ba da izinin sayar da ita, kuɗinta kuwa dala 3,995. To, wannan da waɗanda suka biyo bayanta aikinsu ɗaya ne, watau a kira mutum a yi magana.

A wannan lokaci kuma waɗansu kamfanoni suna ƙera 'yan na'urori na aljihu don ajiye sunaye da lissafi da ranakun alkawari. Kamfanin Psion na Ingila ya fito da tasa tun 1984, kamfanin Apple ya fito da wata mai suna Newton a cikin 1993. Amma waɗannan ba a magana da su. Saboda haka babban ɗan kasuwa na Amurka in zai yi tafiya sai ya ɗauki waya, ya ɗauki littafin adireshi, ya rataya wata 'yar na'ura a ɗamara wadda kan yi ƙara ta nuna masa lambar mai nemansa. In kuwa takarda ce za a aiko masa da gaggawa, tilas ya nemi ofis ko masauki mai injin fakis, watau injin nan da ke aika hoton takarda ta kan layin tarho. Kaya sun yi yawa, hannu biyu ne.

Asalinta

A wancan lokaci kamfanin IBM yana da wani gidan bincike a garin Boca Raton, cikin jihar Florida. Nan ne aka ƙago shahararriyar kwamfutarsu ta tebur a cikin 1981. A cikin injiniyoyin gidan akwai wani mai suna Frank Canova. Shi ne ya lura cewa kayan cikin kwamfuta sun ƙanƙance ƙwarai, har ana iya cusa su a cikin abin da bai fi tafin hannu ba. Ya ga ashe ana iya gama waya da kwamfuta a jiki ɗaya. Shi da abokan aikinsa suka haɗa ta gwaji, suka kai ta babban bajekolin kwamfuta mai suna COMDEX a birnin Las Vegas, a cikin watan Nuwamba, 1992. Ta gwajin nan har taswira ta kan nuna, da labaran duniya, da farashin hannun jari. Mutane suka yi ta mamaki, jarida ta buga hoton Canova riƙe da ita.

Da manyan kamfanin suka ga yadda aka karɓe ta, sai suka ba da izini a yi ta sayarwa. Amma IBM ba maƙerin waya ba ne. Suka nemi Motorola ya ƙera musu, ya ƙi, gama ba ya son ya reni ɗan da zai zo ya ƙwace masa kasuwa. Daga nan suka nufi kamfanin Mitsubishi na ƙasar Japan, shi ya karɓi aikin. Sayarwa kuma aka danƙa ta ga kamfanin tarho na BellSouth, mai hedkwata a birnin Atlanta. Aka nuna ta da sunan Simon a cikin Nuwamba, 1993, aka yi niyyar fito da ita a watan Mayu na shekara mai zuwa. Sai aka tarar da kurakurai a cikin manhajarta, watau umarnin da aka rubuta mata wanda ta ke bi ta yi aiki. Gyara ya ci wata uku. Ran 16 ga Agusta, 1994, aka fara sayar da ita a jihohi 15 na Amurka. Wanda ya yarda ya ɗaure kansa da layin BellSouth shekara biyu ya biya dala 899, wanda bai yarda ba ya biya 1,099.

Siffarta

Simon baƙa ce, doguwa, mai kauri, kamar tubalin siminti da aka raba. Tsawonta inci 8, faɗinta inci biyu da rabi, kaurinta inci ɗaya da rabi. Nauyinta laba ɗaya da oza biyu, watau gram 510. Tana da eriya a ka wadda a kan zaro in za a yi magana. A gefe akwai makunni, da maɓallai biyu na ƙara murya da ragewa. Ban da waɗannan ba ta da maɓallan lamba ko kaɗan, abin da ya bambanta ta da dukkan wayoyin zamaninta ke nan. A maimakonsu sai aka shimfiɗa mata allo na gilashi, tsawonsa inci huɗu da rabi, faɗinsa bai kai inci ɗaya da rabi ba. Ba ya nuna launi, sai baƙin zane a kan fili mai haske. Ɗigo 160 ne a faɗinsa, 293 a tsawonsa, jimla 46,880, da su a ke harhaɗa ko wane harafi da ko wane hoto. Allon nan yana jin taɓi. Ana danna shi da yatsa, ko kuwa da wani ɗan alƙalami marar tawada da a ke sayar da ita tare da shi. Allo da alƙalami ke nan, sai dai wannan ba a wanke shi, ba a shan rubutunsa.

A cikinta akwai ƙwaƙwalwa irin ta ƙananan kwamfutoci, da ma'ajiya mai cin megabait ɗaya, watau wajen harafi miliyan ɗaya. A zamanin nan hoto guda da a kan ɗauka da waya ya kan fi haka nauyi. A gindinta akwai kafa inda a kan zura wani kati mai faɗin katin karta don a ƙara mata wurin ajiya. Mai saye ya kan same ta da batir, da mazaunin da a ke ɗora ta ta sha wuta, da kube na fata.

Ofis A Cikin Kube

Manhajar da ke fuskantar mai wayar sunanta Navigator, ita ce ta raba aikin wayar gida biyu. In an taɓa hoton tarho sai lambobi su bayyana a kan allo, a danna su kamar na ko wace waya. Akwai wurin sake kiran lambar da aka kira ɗazu, da wurin ajiye lambobin waɗanda a kan kira kullum, da wurin neman agaji na 911, lambar da mutanen Amurka ke kira in gobara ta tashi ko an yi haɗari. In kuwa aka taɓa ɗaya hoton, sai a shiga sashen da suka kira ofishin tafi-da-gidanka. Sunan ya dace, domin duk wanda ya taɓa zama a ofis zai gane kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya.

Na fari littafin adireshi. A nan a kan rubuta sunan mutum da lambarsa da inda ya ke zaune, wayar ta jera su bisa harufa. Abin da ya burge mutane shi ne, in an nemo suna ba sai an kwafe lambar an sake bugawa ba, taɓawa kurum za a yi ta kira shi. Yau wannan ba abin magana ba ne, amma a lokacin littafi dabam ya ke, waya dabam.

Na biyu kalanda, inda a ke rubuta alkawarin ko wace rana da sa'arsa, in lokaci ya yi ta yi ƙara ta tuna wa mutum. Kusa da ita akwai jerin ayyukan da ke jiran a yi su, wanda aka gama a soke shi. Akwai agogo mai nuna lokacin manyan biranen duniya, don kada mai ciniki da Landan ko Tokyo ya tashi abokin cinikinsa da tsakar dare. Akwai na'urar lissafi. Akwai littafin rubutu na 'yan bayanai. Akwai kuma allon zane, inda mutum kan ja alƙalami ya zana taswirar hanya ko ya rubuta saƙo da hannunsa. Sa'an nan ga ma'ajin fayil, wanda aikinsa ya nuna yawan wurin da ya saura, ya kwashe takardu ya zuba a kati don kada su ɓace. Ba a manta da masu zaman jira ba, aka sa wani wasa mai suna Scramble, na tura 'yan murabba'ai har su jeru daidai.

Amma waɗanda aka fi taƙama da su biyu ne, fakis da wasiƙar imel. Simon tana karɓar fakis ta nuna shi a kan allo. Mai ita ya duba, ya sa alƙalami ya yi gyara ko ya rattaba hannu, ya mayar wa wanda ya aiko, alhali yana zaune a mota ko a filin jirgin sama. Abin da ya zana a allon zane ma yana iya aika shi ta wannan hanya. Wasiƙar imel kuwa ba kai tsaye ta ke zuwa ba kamar yanzu. Sai wayar ta buga lambar wata kwamfuta mai aiki da manhajar cc:Mail ta kamfanin Lotus, wadda ke zaman gidan waya, ta miƙa wasiƙun da aka rubuta ta karɓo waɗanda suka iso. Saurinta wajen harafi 240 ne a daƙiƙa. Gajeriyar wasiƙa ba ta da wuya, doguwa kuwa sai an yi haƙuri, ga shi ko wane minti kuɗi ne.

Da ya ke allon siriri ne, rubutu a kansa ya zama abin wahala. In an jera dukkan harufa kamar na tafireta sai su yi ƙanana, yatsa ya danne biyu gaba ɗaya. Injiniyoyin suka yi wata dabara suka kira ta PredictaKey. Maimakon harufa duka, sai a nuna guda shida manya, waɗanda aka fi zaton ɗayansu ne zai biyo bayan wanda aka rubuta. In wanda a ke nema ba ya ciki, a taɓa wani wuri a kawo waɗansu shida. Wayar zamanin nan da ke cinkar kalma tun mutum bai gama rubuta ta ba, wannan tafarki ta ke bi.

Wurin Saiti

Kayan aiki kome kyaunsa sai an daidaita shi da hannun mai shi, kamar yadda a kan rage wa mahayi likkafa ko a ƙara masa. Saboda haka aka keɓe wa Simon wurin saiti. A nan a ke gyara hasken allo da duhun rubutunsa, domin irin wannan gilashi ya kan dushe a rana. A nan a ke daidaita taɓi, in ya zama ana danna nan wayar tana jin can. A nan a ke ƙara sauti ko a kashe shi. A nan kuma a ke yanka mata lokacin da za ta jira, in ba a taɓa ta ba ta yi barci da kanta don wuta ta yi auki.

Sashen tarho shi ma da nasa. Mai waya ya kan zaɓi irin ƙarar da za ta yi in an kira shi. Yana iya duba yawan mintocin da ya ci, gama a Amurka a wancan lokaci har wanda aka kira ma biya ya ke yi. Yana iya umurtarta ta amsa kira da kanta in ba ya kusa, mai kira ya danna lambarsa, ita kuwa ta ajiye masa har ya komo. Da wannan ta ɗauke aikin 'yar na'urar nan ta ɗamara.

Akwai kuma kalmar sirri, wadda aka ba ta hotonta dabam a cikin ofishin. Wayar da ta gabata in ta ɓace an yi hasarar kuɗi ke nan kurum. Amma wadda ke ɗauke da sunayen abokan ciniki da wasiƙu da takardun da aka sa wa hannu, in ta faɗa hannun wani asirin mutum ne ya tonu. Tun daga ran nan waya ta zama akwatin da ke bukatar kwaɗo.

Abin da ya rage shi ne manhajar da ba a haife ta da ita ba. Ana iya ƙara mata wata ta hanyar katin nan, ko a saukar mata daga kwamfuta. Amma masu rubuta irin wannan ba su zo ba. Wadda aka sani guda ce, DispatchIt, ta wani kamfani a Atlanta mai suna PDA Dimensions, don rarraba wa ma'aikata ayyuka suna waje. Kuɗinta dala 2,999 na kwamfutar ofis, da 299 na ko wace waya.

Dalilin Faɗuwarta

Ba a daɗe ba aka karya farashinta zuwa dala 599, duk da haka kasuwa ba ta buɗe ba. Wajen guda 50,000 aka sayar, a cikin watan Fabrairu, 1995, aka daina.

Laifin farko na batir ne. In ana magana da ita ko ana aika takardu, wajen awa ɗaya ya kan yi ya mutu. Ofishin da ke rufewa bayan awa guda kuwa ba a dogara da shi. Na biyu nauyi da tsada, a daidai lokacin da sauran wayoyi ke ta ƙanƙancewa suna araha. A farkon 1996 Motorola ya fito da StarTAC mai naɗewa, nauyinta gram 88, watau sai an tara wajen shida kafin su kai Simon guda.

Na uku shi ne mafi girma, watau rashin hanya. Layin da Simon ke hawa tsohon tsari ne mai suna AMPS, an shimfiɗa shi don murya, ba don rubutu ba. In mutum na cikin mota layi ya yi rauni, sai fakis ya yanke a tsakiya. Har an yi wata igiya ta musamman wadda a kan sayar dabam, don a jona ta da tarhon gida in na iska ya gagara. A Turai kuwa an riga an fara sabon tsari na GSM tun 1991, wanda Simon ba ta jin harshensa, saboda haka ba ta ƙetare teku ba. Shafukan intanet ma a lokacin jarirai ne, ba ta da manhajar buɗe su. Taswira da labarai da farashin da aka nuna a Las Vegas ba su biyo ta kasuwa ba. An ƙera mota, ba a yi titi ba tukuna.

Ga shi kuma IBM kansa yana cikin wahala. A cikin 1993 ya yi hasarar wajen dala biliyan 8, aka kawo sabon shugaba, Louis Gerstner, yana ta rage ma'aikata da yanke ayyuka. Gidan da ke fama da gobara ba ya reno. An fara shirin ƙanwar Simon, amma ba ta fito ba.

Magadanta

Abin da IBM ya ajiye waɗansu suka ɗauka. A cikin 1996 kamfanin Nokia na ƙasar Finland ya fito da Nokia 9000, mai buɗewa kamar littafi, tana hawa GSM, tana buɗe shafukan intanet. Ericsson na Sweden ya biyo da R380 a cikin 2000, BlackBerry mai kira ta zo a 2002. Sa'an nan ran 9 ga Janairu, 2007, Steve Jobs na kamfanin Apple ya nuna iPhone, aka fara sayar da ita ran 29 ga Yuni. Cikin kwana 74 aka sayar da miliyan ɗaya, watau ninkin Simon ashirin.

In mai karatu ya dubi fuskar iPhone ta farko zai ga hotuna 16. A cikinsu akwai tarho, da wasiƙa, da kalanda, da agogo, da lissafi, da littafin rubutu, da saiti, duk kayan Simon ne. Akwai taswira da farashin hannun jari, waɗanda Canova ya nuna shekara goma sha huɗu da suka wuce. Fakis ya fita, alƙalami ya fita, kyamara da waƙoƙi da intanet suka shigo. Ita ma da fari ba a ƙara mata manhajar kowa. Sai a watan Yuli, 2008, aka buɗe mata kasuwar manhaja da guda 500, ƙofar da Simon ta buɗe mutum ɗaya ya shigo, yanzu jama'a suka yi ta tururuwa. A ƙarshen wannan shekara kuma wayar Android ta farko ta fito.

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2008 ɗin ne manyan kamfanonin tarho na Amurka suka kashe tsohon layin AMPS. Daga ran nan ko mutum ya sami Simon mai lafiya, ya sa mata sabon batir, zai iya duba kalanda ya yi lissafi ya yi zane, amma ba wanda zai kira. A cikin Oktoba, 2014, shekara ashirin bayan fitowarta, gidan adana kayan kimiyya na birnin Landan ya ajiye guda a cikin akwatin gilashi, a sabon zauren tarihin sadarwa wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe. Masu ziyara su kan tsaya su yi dariyar girmanta, su zaro ta aljihunsu su ɗauke ta hoto. Hausawa sun ce kowa ya riga ka barci ya riga ka tashi. Simon ta riga kowa tashi, sai dai ta fito gari bai waye ba.